Numfashin Auta

Kowace safiya sai Auta ya hura wa mijin yayarsa numfashi a fuska kafin ya karɓi magani.

A bakin ƙofar kicin ake yin abin. Auta zai fito daga ɗakin baya da singileti, ido jajur, ya tsaya kamar ɗan firamaren da za a duba wa farce, ya wage baki ya ce "haa". Shi kuma ya ɗan sunkuyo, tabarau a karan hanci, ya shaƙa. In warin barci da na tsohon haƙori kawai ya ji, sai ya buɗe gwangwani ya ɗora masa farar ƙwaya a tafin hannu. In kuwa ɗaya warin ne, mai kama da ruɓaɓɓen lemo da aka yayyafa wa fetur, sai ya mayar da murfi ya ce, "Sai gobe."

Yawancin ranaku, sai gobe ne.

Ƙamus ake ce masa. A maɗaba'a aka laƙaba masa sunan, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da hasken idonsa yana bin rubutun wasu da jan biro. Ya karanta littattafan da ko marubutansu ba su iya sake karantawa ba. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, ya dawo gida da ciwon baya da ra'ayi a kan komai. Matarsa ta rasu a daminar bara. Allah bai ba su haihuwa ba. Masu gaisuwa sun zo, sun ce masa ya yi haƙuri, kamar akwai wani abin da ya rage masa yi, suka watse. Abin da ta bar masa keken ɗinki ne, da tukwanen da bai san wacce ake dafa me a ciki ba, da ƙaninta.

Auta mai gyaran rediyo da fanka ne. Tun yana saurayi babur ya kayar da shi, kansa ya bugi bakin kwalbati, daga nan farfaɗiya ta same shi. Giya kuwa shi ya je ya same ta da ƙafarsa. Matarsa ta gaji ta tafi, yayarsa ta kawo shi gidan wai ya yi kwana biyu ya huta, kwana biyun da har furfura ta fito masa a cikinsu. Ɗakin baya ya cika da gawarwakin rediyo, cikinsu a buɗe, kuma ko yaushe akwai ɗaya da ke ƙoƙarin farfaɗowa: ta yi shuu, ta yi kiɗa, ta kamo wani yana karanta labarai da yaren da ba wanda ya sani. Shekara da shekaru Ƙamus yana ƙorafin wannan hayaniya. Tun da aka binne matarsa bai sake yi ba.

Bai zauna ya tambayi kansa dalili ba, don mutum ne da ya fi son tambayar wasu. Amma Auta yana da wushiryarta. Yana da dariyarta, wadda ke farawa da tari. Kuma shi kaɗai ya rage a duniya da yake cewa "Yaya" a cikin gidan kamar maƙwabta ta leƙa yanzu za ta dawo. In Auta ya bar gidan, ko da ƙafarsa ko a kafaɗar mutane, abin da zai saura Ƙamus ne da agogon bango.

Maganin kuwa, da tana raye ita ke riƙe da shi. Bai taɓa sa baki ba; harkar 'yan'uwa ce. Sai bayan rasuwarta ya tarar da gwangwanin a bayan robar gishiri, ya yi abin da ya iya, ya karanta. A jikin kwalin da ke cikin gwangwanin an gargaɗi mai sha da ya nisanci barasa. Ya tsaya a kicin ɗin yana tuna yadda yakan gan ta tana tura wa Auta ƙwayar nan a baki yana tangaɗi, tana riƙe masa kofin ruwa tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Ya girgiza kai. Mace ta gari, Allah ya jiƙanta, amma ba ta taɓa bin abu har ƙarshensa ba. Ko littattafan da yake karanta mata da yamma tana ɗinki, "to" ɗinta kullum a inda bai dace ba yake faɗowa. Ga kuskure ya daɗe a shafi ba wanda ya gani. Sai ya gyara.

"Yaya ba ta taɓa shinshina ni ba," in ji Auta wata safiya, hannunsa a miƙe, ba komai a ciki. "Sai ka ce akuyar da za a saya."

"Akuya tana da amfani."

"Mijin Yaya, ba ni abata."

"Ka sha jiya?"

"Na ɗan gaisa da mutane."

"To gaisuwar ce ke fitowa ta bakinka. Abu biyu ne ba a haɗa su. Jiya ka zaɓi ɗaya, gobe ka zaɓi ɗayan."

"Ita da take ba ni a haka, shekara nawa na yi ban faɗi ba?"

"Sa'a ce. Kar ka ɗauke ta ilimi."

Auta ya yi dariyar nan mai farawa da tari, ya ja silifas ya koma ɗaki.

Aka ɗauki watanni a haka. Auta ya fara tsayawa a tsakiyar magana, ido a kafe a bango, can ya dawo ya ce, "Me nake cewa?" Ya ƙone yatsa da ƙarfen da yake narka dalma da shi bai san ya yi ba. Wata safiya ya fito da harshe a kumbure, yana magana kamar mai ruwan zafi a baki. Wata rana kuma Ƙamus ya ga katifarsa a jingine da katanga tana shan rana, da taswira a tsakiyarta. Ya dubi taswirar ya fahimci abin da ya ga dama: giya ta kai mutumin ga fitsarin kwance. A wurinsa maganar ba ta da wuya. Giya ce ke hana magani. A cire giya.

Ya jira Auta ya shiga wanka, ya shiga ɗakin. A cikin gawar wata babbar rediyo ta katako ya sami kwalabe. A gindin wata fanka ya sami 'yan ledoji masu wari kamar maganin sauro. Ya tuttule su duka a magudana. Ya sa wa ƙofar gida kwaɗo ta ciki, ya saka makullin a tsakiyar wani littafi, ya mayar da littafin kan kanta.

Auta ya fito da tawul a wuya, ya tsaya a kan magudanar kamar mai ziyarar kabari.

"Ka kashe ni, Ƙamus."

"Na raya ka dai."

"Ba haka ake yi ba. Wallahi ba haka ake yi ba. A hankali ake…"

"A hankalin ka cinye rabin rayuwarka. Ko ka zauna a gidan nan garau, ko ka kwashi gawarwakinka ka nemi wani gidan."

Rabin maganar na biyu bai kai zuciyarsa ba. Amma ya faɗe ta da muryar da yake mayar wa marubuta aikinsu, kuma Auta ba shi da wani gidan. Ya koma ɗaki ya rufe ƙofa a hankali.

Ranar farko Auta ya yi ta barkwanci. Ya ce in ya mutu a faɗa wa mutane ƙishirwa ce ta kashe shi a gidan mai famfo. Washegari barkwancin ya ƙare. Hannunsa ya kama rawa har shayi ya zube masa a cinya, gumi yana keto masa alhali an yi ruwa gari ya yi sanyi, ya ce hasken taga yana sukar idonsa. Amma da wata safiyar ta zo ya tsaya a bakin kicin ya ce "haa", ba komai a cikin numfashin. Ƙamus ya ɗora masa ƙwayar kamar mai ba da lambar yabo. Ba a jima ba ya amayar da ita.

"Dafin ne ke fita," in ji Ƙamus.

Don ya ɗauke masa hankali ya fito da kujeru biyu tsakar gida, ya ɗauko littafi. Rabonsa da karatu a fili tun tana raye. Muryar ta fito da tsatsa da farko, sannan ta saki. Auta yana zaune a dunƙule, hannuwa a matse tsakanin gwiwoyi, bai ce ko "to" ba, amma dai mutum ne, yana da kunne. Hantsi ya ɗaga. Wata rediyo tana shuu a ɗakin baya. Da za a tambayi Ƙamus, da ya ce tun rasuwarta bai ji daɗin safiya kamar wannan ba.

Yana tsakiyar jimla Auta ya yi wata ƙara, ba ihu ba, kamar an taka masa ciki iska ta fito da ƙarfi. Ya sandare, kujerar ta kife da shi.

Ƙamus ya sha karanta bayanin farfaɗiya, har ya taɓa gyara wani littafi a kanta. Ba inda aka faɗi ƙarar da ƙeyar mutum ke yi a kan siminti. Ya tuɓe rigarsa ya cusa a ƙarƙashin kan. Kumfa ta fito, da jini a cikinta. Ya jira abin ya wuce, don an rubuta yana wucewa. Ya lafa, Auta bai farka ba, ya sake dawowa. Leɓɓansa suka yi duhu.

Ya ruga ƙofar gida, ya ci karo da kwaɗonsa. Ya ruga ɗakin karatu. Bango guda na littattafai ya dube shi, shi ma ya dube su, ya nemi sunan wanda ya saka makullin a ciki ya rasa. Ya shiga fizgo su yana kaɗawa yana jefarwa. Busasshen ganye ya faɗo, da tsohon tikitin bas, da wani ƙyallen da ta taɓa ba shi ya riƙa sa alama. Makulli bai faɗo ba. Daga tsakar gida yana jin dugadugan Auta suna bugun siminti.

Ya koma ƙofar ya yi ta dukanta da hannu biyu yana kiran maƙwabcinsa direban tasi, mutumin da rabonsu da magana tun ranar da ya sanar da shi cewa hon ba gaisuwa ba ce. Direban ya hauro katanga da ƙarfen kwance taya, ya ɓalle kwaɗon, ya sungumi Auta. Bai tambayi wanda ya kulle ƙofar ba.

A asibiti aka karɓe shi, aka yi masa allura, aka ja labule. Likitar da ta fito yarinya ce, ko kuma dai duk likitoci sun zama yara a idonsa.

"Baba, kai ne wa a wurinsa?"

"Mijin yayarsa."

"Yana shan maganinsa kullum?"

"A ranakun da ya cancanta."

Ta ɗago. Ya yi mata bayani dalla-dalla, da tsari, irin yadda yake son a yi bayani: shinshinar, da "sai gobe", da kwalaben, da kwaɗon. Yana yi yana jin maganar tana fita da kyau. A wani wuri ta daina rubutu.

"Yaushe rabonsa da sha?"

"Shekaranjiya."

"Da kullum yake sha?"

"Shi ne aikin da bai taɓa makara ba."

Ta ajiye biron. "Baba, gaskiya ne ba a son a haɗa su. Su biyun danne ƙwaƙwalwa suke yi. In suka taru da yawa mutum na iya yin barcin da numfashinsa zai yi ƙasa. Kuma hantar wanda ya daɗe yana sha saurin wanke maganin take yi daga jini, shi ya sa ma aka ba shi fiye da na mutane. Amma maganin nan ba a fashinsa. Ya sha, bai sha ba, sai an ba shi. In aka yi fashi ciwon dawowa yake yi."

"A jikin kwalin…"

"Kwalin bai san shi ba. Ita kuma giyar, wanda jikinsa ya saba da ita haka ba a yanke masa rana ɗaya. Ko marar farfaɗiya yana iya faɗuwa. Kamar katangar da ta karkata ce aka tokare ta da itace biyu, ɗaya mai kyau ɗaya ruɓaɓɓe. Ka zare mai kyan tun tuni, katangar tana ta rawa a kan ruɓaɓɓen. Shekaranjiya shi ma ka shure shi."

Ya nemi kuskure a maganarta, don sana'arsa ke nan. Bai samu ba.

"Zai tashi?"

"Muna sa rai."

Da yamma ya koma gida ɗauko bargo. Kujerar tana nan a kife. Littattafai a watse a ƙasa, bakinsu a buɗe. Rediyon ɗakin baya ta cinye batirinta ta yi shiru, agogon bango kaɗai ke aiki. Ya tsaya a tsakar gida da bargon a hannu, ya saurari yadda gidan zai zama.

Washegari ya tarar da Auta a zaune a bakin gado, ya zare ƙarin ruwan da kansa, harshe ya cika masa baki.

"Ku ba ni takalmina."

"Kwanta, Injiniya," in ji Ƙamus.

"Ta barandar nan aka turo gawar Yaya. Da ƙafarta ta shigo, tana yi min faɗan ban aske gemu ba. Jiya ban san inda nake ba, shi ya sa na kwana."

Likitar ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta ce kwana kaɗan ne, akwai maganin da za su sauko da shi a hankali ba sai da giyar ba. Auta ya saurare ta da ladabi yana laluben takalmi a ƙarƙashin gado. A ƙarshe ta ja Ƙamus baranda.

"Nan ya kamata ya zauna, amma ba zan iya ɗaure shi ba. In ya fita zai nema. In bai samu ba, abin jiya na iya dawowa."

"Likita, cewa kike yi in sayo masa giya?"

"Ban ce ba, kuma ba zan rubuta ba. Cewa na yi kar ya tsaya cak. Kaɗan, ana ragewa. Magani kullum. In ya yi barci a kwantar da shi a gefe, a riƙa duba numfashinsa. In ya fara ganin abin da babu, ko ya sake faɗuwa, ko da kokawa ka dawo da shi. Mako mai zuwa ina son ganinsa." Ta leƙa ɗakin, inda Auta ke fama da igiyar wando. "Kuma ƙafafun nan ba za su kai shi ko'ina ba yau. In ya fita shi kaɗai, a titi za a tsinto shi."

Ƙamus bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma ya daɗe yana lissafa wannan cikin nasarorinsa, ko da yake ba ta taɓa yi masa tayi ba. Da la'asar, bayan sun dawo gida, ya sa hula, ya ɗauki jakar fatar da yake zuwa maɗaba'a da ita.

"Kar ka je wajen 'yan leda na tasha," in ji Auta daga kan katifa, haƙoransa suna haɗuwa. "Guba ce. Je bayan gareji, wajen Mai Labule."

Makanikai suka bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya ture labulen da kafaɗa ya shiga. Ɗaki ne mai duhu, da bencina, da fanka mai kuka, da wasu maza da la'asar ta riska a inda safiya ta bar su. Hira ta tsaya.

"Malam, ɗakin karatu yana gaba, kusa da gidan waya," in ji wani.

"Ku bar shi, ƙila tarbiyya ya kawo mana a jaka."

A bayan kanta wata mace ce mai jiki, hannunta a cikin bahon wanke kofuna. Ta dubi fuskarsa, ta dubi jakar, ta tsame hannu.

"Ku rufe min baki," ta ce da mazan. Sannan ta juyo. "Kai ne mijin."

"Mijin wa?"

"Mai keken ɗinki. Allah ya jiƙanta. Biyo ni, ita ta baya take shigowa."

Bayan wani ɗan fili ne da akwatunan kwalabe, da igiyar shanya, da kyanwa tana barci a kan buhu. A jikin bango akwai wata 'yar kujera ta katako, gajeriya.

"Nan take zama," in ji Mai Labule. "Duk mako tana nan da jakar ɗinkinta. Wani tsohon likita ne ya ce mata tun da ɗan'uwan nata ba zai bari ba, kar a yanke masa, a riƙa ragewa. Sai muka ƙulla ni da ita. In ya zo, daga kwalbarsa ta daban ake zuba masa, mun sirka ta da ruwa. Duk shekara ruwan na ƙaruwa. Da ta yi tsawon rai, da ruwa zalla zai ƙare yana sha yana tangaɗi." Ta yi dariya, ta goge ido da bayan hannu. "Tana rasuwa ya ɗauke ƙafa. Yana nan dai?"

"Yana nan." Ya gyara riƙon jakar. "Ce mini take yi za ta kai ɗinki."

"Ai tana kawowa. Wa ya ɗinka min labulen?" Ta ɗauko wata kwalba daga ƙasan akwati, ta ɗauko buta, ta shiga haɗawa tana ɗaga kwalbar sama tana duba launi. "Ga ta da labari! Sai ta zauna ta kwashe min duk abin da ka karanta mata a makon, kowa da muryarsa, har da taka. Ta ɗage gira haka, ta ce, 'Wannan jimla ba ta tsayu ba.' Mu yi ta dariya har in manta da masu jira."

Ƙamus ya zauna a kan 'yar kujerar. Ta yi masa ƙasa, gwiwoyinsa suka kusa kai masa haɓa. Daga nan abin da ake gani igiyar shanya ne da wani yanki na sama. Ya duba da kyau, tun da abin da take gani ke nan.

"Yauwa," in ji Mai Labule, "tun da Allah ya kawo ka. Wai yaya aka ƙare da mai gadin tashar nan? Wanda jirgi ya daina bi ta wajensa amma bai daina kunna fitila ba? A nan muka tsaya ciwo ya kwantar da ita. Jirgin ya zo kuwa?"

Ya san littafin. Yana can a ƙasa cikin 'yan'uwansa.

"Ban sani ba. Ban ƙarasa ba."

"Kai? Ta ce ba ka taɓa barin littafi a rabi ba." Ta toshe bakin kwalbar ta miƙa masa. "To in za ka dawo mako mai zuwa ka zo min da ƙarshen. Bi ta nan, ba wanda zai gan ka."

Ta gaba ya fita. A bakin ƙofar ya tsaya ya kama labulen. Kore ne da ƙananan furanni da suka koɗe, an ninka bakinsa sau biyu an bi da ɗinki, yadda take yi. Tsohon labulen tagar ɗakinsu ne. Shekaru yana buɗe ido a kan furannin nan kowace safiya. Ɗazu ya ture shi da kafaɗa ya wuce.

"Malam, in saya za ka yi a yi maka ragi," in ji wani daga ciki.

Da ya shiga ɗakin baya Auta ya yunƙura ya zauna, ya wage baki ya ce "haa" tun ba a tambaye shi ba. Ƙamus bai sunkuya ba. Ya ɗora masa ƙwayar a hannu, ya riƙe masa kofin ruwa sai da ya ga maƙogwaronsa ya motsa. Sannan ya buɗe jakar ya zuba masa kaɗan a kofin shayi.

Auta ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya kurɓa, ya bar ta a baki, ya rufe ido.

"Ta Yaya ce."

"Ka sani?"

"Mijin Yaya, mashayi ne ni, ba jaki ba. Tun kurɓar farko na sani."

"Ba ka ce komai ba."

"Tana jin daɗin ta yi min wayo. In ce me?" Ya dubi cikin kofin. "Da ta tafi na je sau ɗaya. Aka zuba min, ta ƙi wucewa."

"Kowa ya sani ke nan."

"Har direba. Shi yake sauke ta." Tarin ya fara, amma dariyar ba ta biyo baya ba. "Kai kana karatu."

Rawar hannun ta ragu a hankali. Da barci ya fara ɗaukarsa Ƙamus ya juya shi ya kwantar da shi a gefe, ya tokare masa baya da filo. Ya sami batir a cikin tarkacen kan tebur ya sa wa rediyon, har ya kai hannu zai kunna, sai ya fasa. Za ta rufe masa abin da aka ce ya saurara.

Ya je ɗakin karatu ya tsallaka littattafai har ya sami na mai gadin tasha. Ya kama shi ta baya ya kaɗa, ko makullin zai faɗo. Ba komai. Ya tayar da kujerar da ta kife, ya kawo ta bakin ƙofar Auta inda sauran hasken yamma ke faɗowa, ya nemo shafin da suka tsaya shi da matarsa.

Numfashin yana shiga, ya ɗan tsaya, ya fita. A kowace tsayawa Ƙamus yakan ɗago kai ya jira. In ya fita sai ya mayar da ido kan takarda, ya tarar ya ɓatar da layin da yake, ya koma farkon shafin.